Abin da na Naɗa a Kan Muryar Kaka

'Yata ce ta jawo min. Ita ce babba a cikin 'ya'yana, tana jami'a, kuma tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ta bar shi inda yake. Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana, na kishingiɗa a falo ina jiran barci, sai ga ta da kwamfutarta ta ɗora min a cinya. Da Larabci ta yi min magana, don Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ta neman abinci ba. Ta ce wasu bayin Allah sun bi tsofaffin mujallun kimiyya na Larabci, irin waɗanda nake cika musu kunne da labarinsu, sun ɗauki hotonsu shafi bayan shafi sun zuba a intanet. Wai in duba ko zan gane tawa.

Tun kafin in karanta sunan na gane ta. Ga bangon nan mai ruwan shuɗi, ga mutumin nan sanye da fararen kayan zuwa sama jannati, kansa cikin ƙwarya ta gilashi. Wanda ya ɗauki hoton bai goge komai ba, har da tabon shayi a gefen shafi da wani lissafi da mai mujallar ya taɓa yi da fensir. Barci ya gudu. Na yi ta buɗe fitowa bayan fitowa ina dariya ni kaɗai. A can an ce kafin mu tsufa mutane za su gina gidaje a duniyar wata, su riƙa zuwa aiki da motoci masu tashi. To ga shi na tsufa, ban je wata ba, ko unguwar Zahir ta nan Makka inda aka haife ni ban iya zama ba saboda tsadar haya, sai da na gangaro unguwar Ka'akiyya. Ga kuma tallan kwamfutocin gida na wancan zamani, uba da uwa da yara biyu sun kewaye talabijin kowa ya washe baki. Na nuna wa 'yata na ce irin wannan muke da ita. Ta leƙa, ta tambaye ni ina allon yake. Da na ce ba ta da allo, aron na talabijin take yi, sai ta dube ni da tausayi kamar na ce mata a kogo muka tashi.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni dai a wannan yammacin daɗi nake ji, har na kai shafukan baya na wata fitowa. Nan ne ake buga jerin umarnin da mutum zai kwafa ya shigar wa na'urar, mu muna ce masa barnamaj, yanzu na ji 'yan rediyo suna cewa manhaja. Na ga taken da ke sama, wata yana kewaya duniya. A kusurwar ƙasa ta hagu akwai wani ɗan akwati da aka zagaye da layi, mai ɗauke da shawara ga masu karatu. An rubuta cewa in kaset ɗinka an karya masa 'yan haƙoran nan na sama har ya ƙi ɗaukar naɗi, ka rufe ramin da salatef, zai ɗauka.

Na rufe kwamfutar na miƙa mata, na ce zan yi alwala, alhali ko kiran la'asar ba a yi ba.

Mahaifina direban motar ruwa ne. Lokacin aikin Hajji yana kai ruwa Arfa, sauran shekara yana jigilar kaya ga wani mai shagon kayan gini. Shi da mahaifiyata sun zo ne daga wani ƙauye a ƙasar Kano suna sababbin aure, da niyyar su sauke farali su koma, sai zama ya kama su. Ni ne ɗan fari, don haka Umma ba ta taɓa kama sunana ba. In za ta kira ni sai ta ce "kai", kuma duk gidan an san wa take nufi.

Ina ɗan shekara goma sha uku ko kusa da haka Baba ya shigo da kwamfutar a cikin kwali, bayan an watse daga Arfa. A haraj ya saye ta, kasuwar tsofaffin kaya. Bai iya karatun boko ba, amma ya ji ana cewa yaran gobe da wannan za su ci abinci, shi kuma ba ya son ɗansa ya ƙare a kan sitiyari. Wani faffaɗan abu ne baƙi mai madannai, sai waya da ake soka wa a bayan talabijin. Talabijin ɗin kuma ɗaya ce tilo a gidan. Saboda haka aka kafa doka: daga dawowata makaranta zuwa magariba tawa ce, in Baba ya dawo daga masallaci a cire komai ya ga labarai. Kuma a kashe na'urar a zare ta daga bango, don wani ya gaya masa in aka bar ta kunne tana yin zafi ta ƙone gida. Ba wanda ya isa ya fitar masa da wannan daga kai.

Ba na jin Turanci ko kaɗan a lokacin. Mujallar a kan gwiwata, yatsa ɗaya a kan layi, ɗaya yana farautar harafi, haka nake kwafe barnamaj harafi bayan harafi ban san me nake cewa ba. In ka kuskure aya ɗaya, na'urar ta ƙi. Sai ka koma daga sama kana bin layi kana nema, idanu suna zafi. Amma ranar da ta yarda, ta zana maka da'ira ko ta buga maka ɗan sauti, za ka ji kamar kai ka ƙirƙiro wutar lantarki. Ban taɓa samun farin ciki irin wannan a wani aiki ba, har yau da nake wuni a gaban kwamfuta a ofishin motocin alhazai.

Aibinta ɗaya, ba ta riƙe komai. Da an kashe ta, duk abin da ka wuni kana shigarwa ya tafi. In kana son ajiya sai ka haɗa ta da rakoda, ka sa kaset irin na wa'azi ko na waƙa, ka danna naɗi, ita kuma ta zuba abin da ke cikinta. In ka kunna kaset ɗin ka saurara da kunne ba za ka ji komai ba sai wata ƙara mai tsini da ke shiga har haƙori. Umma ta tsani ƙarar nan. Duk lokacin da ta jiyo ta daga madafa sai ta ce in rage, aljanuna sun fara kuka.

A gidanmu kuwa kaset yana da wani aiki da ya girmi kwamfuta. Ba mu da waya, ƙauyenmu ba shi da ita, kuma Umma da mahaifiyarta babu mai karanta wasiƙa. To duk shekara in alhazan yankinmu suka iso, akwai wanda zai neme mu da ƙulli: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da kaset guda a naɗe cikin takarda. Gefe ɗaya na maza ne, kawunnaina suna ba da labarin damina da wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Ɗaya gefen na Kaka ne ita kaɗai. Za a shimfiɗa tabarma a saurara, a sake saurara, a kira maƙwabta 'yan gida su ma su ji. Kafin alhazai su tashi sai mu naɗi amsarmu a kan wannan kaset ɗin dai, a mayar wa mai ƙullin ya koma da shi. Kaset ɗaya ya yi shekaru yana kai da kawo a tsakanin Makka da ƙauye, har in mai magana ya yi shiru kana iya jiyo ragowar muryar bara a ƙarƙashi. Na faɗi wannan ne don a san cewa a gidanmu shafe murya da wata murya ba laifi ba ne, haka muka taso muka ga ana yi. Na daɗe ina faɗa wa kaina wannan maganar.

Ban taɓa ganin Kaka ba. Na san dai tana kirana mijinta, irin wasan kaka da jika, tana cewa miji ne marar kirki da bai taɓa aiko mata ko turmin zane ba. Hausarta ta ƙauye ce mai nauyi, ni kuma kunnena ya fi sabawa da Larabcin unguwa, rabin maganarta wucewa take ta saman kaina. Shekarar da kwamfuta ta zo, alhajin da ya kawo ƙulli ya makara, sai bayan Arfa ya gano gidanmu. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni ina ɗaki ina fama da wani layi da ya ƙi. Na ji Umma ta ɗaga murya.

"Kai, zo ka ji matarka tana kiranka."

Na ce ina zuwa. Ban zo ba. Da na fito an riga an naɗe tabarmar.

A wannan karon Umma ta ƙi a naɗi amsa a kai. Ta ce muryar Kaka ta sauya, tana magana tana tsayawa ta huta. Ta sa Baba ya sayo sabon kaset aka yi amsa da shi, wannan kuma ta riƙe. Wata maƙwabciyarmu ta koya mata cewa in aka karya 'yan haƙoran da ke samansa ba zai ƙara ɗaukar naɗi ba. A bakin ƙofar madafa ta zauna da tsinin wuƙa ta ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina shan ruwa, na gani da idona. Ta sa shi a cikin wani kwanon tangaran a saman kabad, kuma kusan kullum in ta gama aikin safe sai ta sauko da shi ta kunna.

Bayan kamar wata biyu mujallar nan ta fito da barnamaj ɗin wata. Shi ne mafi tsawo da na taɓa gwadawa. Rana ta farko magariba ta riske ni ban kai rabi ba, aka kashe. Rana ta biyu na gama amma ya ƙi tashi, ina cikin neman kuskuren Baba ya yi sallama, aka kashe. Kaset ɗina guda ɗaya, wanda ya zo tare da na'urar, rakoda ta riga ta tauna shi tun makon da ya wuce, kuma na ji tsoron faɗa. Rana ta uku ko abinci ban ci ba na zauna. Umma ta tafi suna a maƙwabta da ƙannena, gidan ba kowa. Rana ta yi ja, sai ga shi ya tashi. Da'ira shuɗiya a tsakiyar talabijin, da wani ɗan farin ɗigo yana zagaya ta a hankali, ya ɓuya ta baya ya sake fitowa. Na miƙe tsaye. Na leƙa tsakar gida ko akwai wanda zan nuna wa, babu kowa.

Daga nan aka fara gyaran murya a lasifikar masallacin unguwa. Na san saura kaɗan Baba ya shigo a zare waya. Na buɗe duk inda ake ajiye kaset. Na wa'azin Baba ba na taɓuwa, ya san adadinsu da jerinsu. Sai idona ya kai saman kabad.

Ba zan ce ban sani ba. Da a ce na ɗauka na soka ne kawai cikin gaggawa, da na sami abin kare kaina. Amma rakodar ta ƙi danna naɗi, sai na tuna ɗan akwatin nan na kusurwar shafi. Na je na nemo salatef a jakar makaranta, na yanka da haƙori, na rufe ramin da Umma ta ɓalle da wuƙa. Na ce a raina ai minti biyu ne kawai, daga farko, inda ake gaishe-gaishe, kuma ai kaset ɗin gida dama shafe shi ake yi. Ban ma duba wane gefe na sa ba. Na naɗa sau ɗaya, ban amince ba na sake, na kuma sake. Ina cikin na uku na ji tsayuwar motar Baba a waje. Na ruga na zare waya, na mayar da talabijin yadda take, na fita na karɓi ledar hannunsa, muka wuce masallaci. Rakodar na bar ta a ƙarƙashin gado tana juyawa. Da na dawo ta riga ta kai ƙarshe ta tsaya da kanta.

A daren nan, da kowa ya yi barci, na kunna ƙasa-ƙasa. Ƙarar nan ta fito sau uku, sannan shiru har ƙarshen gefen. Na juya ɗaya gefen, ga kawuna yana bayanin yadda gero ya yi a gonar gabas, muryarsa garau. Su duk suna nan. Na Kaka ne na cinye, tun daga bisimilla har sallama.

Na ɓare salatef ɗin, na goge wurin da bakin rigata, na mayar da kaset cikin kwanon. Na zauna jiran ranar da asiri zai tonu, don an ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kwana ɗaya, biyu, mako, ba abin da ya faru. Na lura dai ba na ƙara jin muryar Kaka da safe, na ɗauka Umma ta gaji ne. Watan da na ajiye kuwa ban ƙara ganinsa ba, don in zan kunna shi sai na sake hawa kabad, kuma ban da wannan ƙarfin halin. Na rasa wata, na rasa murya.

Da azumi wani mai Umara ya zo da labarin Kaka ta rasu tun kafin ya taso. Umma ba ta yi kururuwa ba. Aka shimfiɗa tabarmi, mata suka yi kwana uku suna shigowa. Na ji maƙwabciyar nan tana roƙonta ta sa musu kaset ɗin su ji muryar marigayiya su yi mata addu'a. Ina bayan labule ina saurare. Umma ta ce ba za ta iya ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Bayan an watse na ga ta naɗe shi a farin ɗankwali ta sa a ƙasan adakarta ta kulle. Abin da na ji a lokacin sauƙi ne, kamar an sauke min buhu daga ka. Uwata ta rasa uwarta, ni kuma ina murna na tsira. Wannan ya fi naɗin kansa ci min rai.

Shekara kusan arba'in ke nan. Kwamfutar ta koma haraj inda ta fito, ban ma san ranar ba. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sanin komai ba. Da Umma ta dawo wurina Ka'akiyya, ni da kaina na ɗauki adakar a kafaɗa na hau da ita bene. Sau da yawa na shirya maganar, a hanyar aiki, a Harami bayan ɗawafi, har na tsara kalmomin. In na zo gabanta sai in ce yau ba ta da lafiya, ko yau tana cikin farin ciki kada in ɓata mata. Na ce ina rufa mata ne, alhali kaina nake rufa wa.

Shekara biyu da suka wuce mantuwa ta fara kama ta. Takan zuba sukari sau biyu a shayi. Takan tambaya ko Baba ya dawo daga Arfa. Wani lokaci ta dubi 'yata ta yi mata magana kamar ƙanwarta ce da ta baro a ƙauye. Wata rana kuma sai ta tashi garau, ta tuna maka abin da kai ka manta, har ta yi maka gori. 'Yan makonni kafin Juma'ar mujallun nan ta fara cewa a nemo mata rakoda, tana son ta ji Innarta. Na ce ai yanzu ba a sayar da su, an daina yi. Bayan kwana biyu ta sake tambaya. Na sake faɗin ƙaryata. Kuskurena shi ne na faɗa a gaban 'yata. Sai ranar wata Litinin yarinyar ta tare ni a ƙofa tana murna, ta samo wani tsoho a Zahir mai gyaran rediyo, yana da guda mai aiki, ranar Alhamis za ta karɓo.

A cikin kwanakin nan uku na yi wani abu da har yanzu ban san dalilinsa ba. Na ari kwamfutar 'yata, na sa ta nemo min wata manhaja da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar, na buɗe shafin mujallar a gefe, na sake kwafe barnamaj ɗin wata. Abin da ya ci min wuni uku ina yaro, ko awa ɗaya bai kai ba. Ya tashi a karo na farko. Na zauna ina kallonsa, da'ira da ɗigo, ko inuwa babu. Wataƙila so nake in ga ko ya kai abin da na biya.

Ranar Laraba bayan la'asar na shiga ɗakinta. Tana kan darduma, carbi a hannu, kofin shayi ya huce a gefe. Ta dube ni na ga yau tana nan. Na zauna a ƙasa nesa da dardumar kaɗan, na gaishe ta, na tambayi ƙafarta. Sannan na faɗa mata, da Hausa, ban sa Larabci ko kalma ɗaya ba don kada in ɓuya a bayansa. Na faɗi kabad, na faɗi salatef, na faɗi cewa na ga lokacin da ta karya haƙoran. Na ce gobe in an kawo rakoda ba abin da za ta ji a gefen Kaka. Na roƙe ta gafara. Ina da furfura a gemu, amma muryata ta koma ta ɗan shekara goma sha uku.

Ta ja carbi guda biyu ko uku kafin ta yi magana.

"Na sani."

Na ɗago kai.

"Washegari da safe na kunna, kana makaranta. Na ji aljanunka. Wa ke da irin wannan kuka a gidan in ba kai ba? Har danƙon abin da ka liƙa na taɓa da yatsa."

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce da Baba ya ji, da ya fasa na'urar a kaina, kuma shi ya fi kowa son ta. Ta ce ta yi kuka ranar har ta kasa ɗora tukunya, ta yi fushi da ni wata guda ban ma lura ba don ba na iya kallon idonta. Daga baya ta ce a ranta, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma ai ta riga ta haddace, wata biyu tana saurara kullum. Duk shekarun nan in ta gama sallar walha takan maimaita wa kanta maganar Innarta daga farko zuwa ƙarshe.

Na ce to me ya sa take neman rakoda.

Ta dubi carbinta. "Yanzu in na ɗauko, sai in tarar da rami a tsakiya. Sai in ce bari in kunna in cike. Wani lokaci mantawa nake cewa na sani."

Daga nan ta ce tun da dai an zo nan, in nuna mata abin da na zuba a ciki, shekara arba'in tana son ta sani. Na tashi na ɗauko kwamfutar na ajiye a gabanta a kan darduma. Ta matso da fuskarta kusa, ta bi ɗigon da ido, ya zagaya ya ɓuya ya fito. Ta tambaya ko akwai saura. Na ce shi ke nan. Ta ce mene ne. Na ce wata ne yake kewaya duniya.

"Ashe wannan ne ya cinye Inna," in ji ta. Ba da faɗa ta faɗa ba, har da ɗan murmushi. "Ko kyau ba shi da shi."

Sai ta ce in kunna wayata in ɗauka, tun tana da sauran abin da ta riƙe. Ta gyara zama, ta rufe ido, ta fara. Muryarta ta sauya, ta yi ƙasa, ta ɗauko Hausar nan mai nauyi da ban ƙara ji ba tun ina yaro. Ta yi bisimilla, ta gaida Baba, ta gaida maƙwabtan da duk sun mutu, ta ce an gode da dabino da ruwan Zamzam. Tana tsayawa ta huta daidai inda Kaka take tsayawa ta huta. Ta ba da labarin wata akuya da ta haifi uku, ta yi wa Umma faɗa kan ta riƙa shafa man shanu a kai. Wani wuri ta tsallake, ta dawo, ta sake tsallakewa. Ina riƙe da wayar kusa da bakinta.

"Sannan ku kira min mijina," in ji ta da muryar Kaka. "Ku ce ya matso kusa, wannan tasa ce shi kaɗai. Ku gaya wa mijina..."

Ta tsaya. Na ɗauka hutun Kaka ne, na jira. Leɓɓanta suna motsi ba sauti. Ta koma baya ta sake ɗaukowa daga akuya, ta bi ta man shanu, ta iso wurin, ta sake tsayawa. Ta buɗe ido ta dube ni, na ga tsoro a cikinsu.

"Maganar doguwa ce fa. Har dariya muka yi, daga baya kuma kowa ya yi shiru. Da azumin bara ma ina da ita." Ta dafa goshinta. "Kai ba ka riƙe ba? Ai na kira ka."

"Kin kira ni, Umma," na ce. "Na ce ina zuwa."